Faɗuwa Tara a Rubuce

Mai kati ya taka kujera ya janyo fayil ɗin daga can saman kantar takardu, ƙura ta biyo shi ta zubo masa a ka. Ya yi atishawa sau biyu, ya sauko yana kakkaɓe kafaɗa, sannan ya dangwarar da shi a kan tebur.

"Baiwar Allah, wannan fayil naki ai ya fi na masu ciwon suga kauri. Haya kika kama a asibitin nan?"

Maman Tilo ta yi masa irin murmushin da ake yi wa wanda takardarka take hannunsa. Tun ƙarfe bakwai take tsaye a bakin tagar nan, ta bar wa abokiyar aikinta tulin riguna a shagon wanki da guga. Ƙarfe goma sha ɗaya za a kira shari'arta, ga shi kotun tana can ɗaya gefen gari.

Wata biyu ke nan da mutuwar aurenta, mutuwar da ba ta zubar wa hawaye ko ɗigo ba. Ta fito da hannun hagu a karye da kaya a buhu ɗaya, ta koma ɗakin yayarta, ta ce alhamdu lillahi. Ashe da sauran rina a kaba. Tsohon mijin nata, wanda kowa ke kira Akawu saboda aikinsa a ofishin wani kamfanin motocin haya, ya shigar da ƙara yana neman a ba shi 'yarsu. Tilo shekararta tara. Ciki uku uwar ta yi, ita kaɗai ta zo duniya da rai, shi ya sa sunan ya bi ta.

Uwar ɗakinta, mai shagon, ita ta ba ta shawara ran nan suna ninke zannuwan gado.

"Ke, ba kin ce duk sanda abin ya yi muni asibiti ake kai ki ba? Je ki karɓo takardunki. Mutum yana musu da mutum, amma ba ya musu da hatimin likita."

Mai kati ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa likita ya sa hannu, ya dawo ya buga hatimi, ya zuba a ambulan ya liƙe da gam.

"Kada ki buɗe fa. In kika buɗe, ta tashi daga shaida ta koma takardar ƙunshin gyaɗa."

Ko ta buɗe ma me za ta gani? Tana karanta Alƙur'aninta, tana karanta lambobin da ake maƙala wa kayan wanki, amma rubutun likita ko ɗan'uwansa likita sai ya yi da gaske. Ta cusa ambulan cikin hijabi, ta danne shi a ƙirji da hannun da bai gama miƙewa ba, ta fita neman bas.

A tsaye ta samu wuri, tsakanin wani mai buhun albasa da wata mai goyo. Bas na tafiya tana lissafin zuwan da ta yi asibitin nan. Sau tara a shekara goma sha ɗaya, ban da waɗanda ruwan zafi da man zafi suka warkar a gida. Kuma kowane zuwa, Akawu ne da kansa yake kawo ta. Nan fa ake ganin miji na gari: riga a goge, jakarta a hannunsa, yana bin ma'aikata da gaisuwa, yana tambaya ko akwai maganin da ya fi wannan ƙarfi ya je ya sayo. Har wata mai jinya ta taɓa ce mata, "Ke kam kin yi dacen miji." Daga nan sai ya tsaya a bayan labule, inda takalmansa kawai take hangowa, likita ya ce, "Me ya same ki?"

Takan ce santsin banɗaki ne. Takan ce matakala ce. Takan ce jiri ne ya ɗebe ta. Wata tsohuwar nas, ranar da ta ga shatin yatsu huɗu a wuyanta, ta sunkuyo ta raɗa mata a kunne, "'Yar nan, banɗakin naku yatsu gare shi?" Ita dai ta sunkuyar da kai ta ce santsi ne.

Ba tsoro kaɗai ba ne, ko da yake tsoron yana nan daram. A makarantar matan aure da take zuwa, malama ta karantar da su cewa wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa, Allah zai rufa nasa ranar da ba mai rufa wa wani. Wasu sun ji sun zubar a bakin ƙofa tare da ɓawon gyaɗa. Ita ta karɓa hannu bibbiyu ta kai gida. To amma ƙarya ƙarya ce, wannan ma ta sani, don haka ta yanka wa kanta hukunci: duk ƙaryar da ta yi wa likita, azumi uku. Wasu da fasasshen leɓe ta yi su. Game da takarda kuwa hankalinta kwance yake. Ai likita ba makaho ba ne. Bakinta ya yi nasa, shi kuma zai rubuta abin da idonsa ya gani. Da wannan tunanin ta sauka daga bas.

A barandar kotu ta tarar da Yaya da Tilo. Yarinyar tana zaune a ƙarshen benci da kayan makaranta, jakarta a cinya.

"Kin samo?" in ji Yaya.

"Na samo."

"To Allah ya kunyata shi a bainar jama'a."

Akawu ya riga su zuwa, shi da babbar yayarsa da Tilo ke kira Gwaggo. Ya taso har inda suke, ya rusuna ya gaida Yaya, ya tambayi maigidanta da yara. Yaya ta kawar da kai ta yi tsaki. Maman Tilo ba ta kalli fuskarsa ba, hannun rigarsa ta kalla. Kari biyu aka yi masa, aikin wanda bai san guga ba. Duk zamanta a gidansa bai taɓa fita da kari biyu ba sai sau ɗaya, kuma ta san abin da ya biyo bayan wannan sau ɗayan.

Aka kira su, aka bar Tilo a waje. Ɗaki ne madaidaici, benci shida, fanka a sama tana juyawa da ƙara. Alƙali dattijo ne mai tabarau, da ganinsa tun safe yake shan rigimar mutane har ta ishe shi. Ya tambayi Akawu dalilin da zai sa a raba yarinya ƙarama da uwarta.

"Allah ya gafarta Malam, ina tsoron lafiyar yarinyar ne a hannunta. Sauran maganar tana da nauyi a bakina."

"Nauyi ba hujja ba ne. Ke fa, me za ki ce?"

Maman Tilo ta miƙe. Abin da ta ɓoye wa uwarta har ta mutu, yau ta faɗe shi a gaban baƙi, da murya ƙasa-ƙasa kamar ita ce mai laifin. Ta ce mutumin nan dukanta yake yi, da hannu, da bel, da duk abin da ya samu. Ta ce wanda ya yi wa uwa haka ba a ba shi 'ya. Sannan ta zaro ambulan ta miƙa da hannu biyu.

Magatakarda ya duba hatimi, ya yage baki, ya gyara murya. Yana karantawa yana fassarawa.

"Mara lafiya ta zo da fashewar goshi, ɗinki biyar. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki."

Ta jira ya ci gaba, ya kai inda likita ya rubuta nasa. Sai kawai ya juya shafi.

"Tsagewar haƙarƙari biyu. Ta ce ta faɗo daga matakala. Na gaba, ɓarin cikin wata biyar. Ta ce jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a kan cikin. Na gaba, ƙuna a kafaɗa. Ta ce jiri ya ɗebe ta kusa da risho."

Ta ce, ta ce, ta ce. Haka ya yi ta jero su har tara, har karayar hannun da a kanta ta bar gidan. Ba yatsu huɗu, ba shatin bel. Likitocin nan masu layin mutum ɗari a bakin ƙofa sun auna rauni, sun ɗinke, sun rubuta abin da aka gaya musu, sun kira na gaba. Yaya ta juyo ta dube ta baki buɗe.

"Akwai wani rubutu a gefen shafi na bakwai," in ji magatakarda. Ya matso da takardar kusa da ido. "Yawan faɗuwa da jiri. A auna ta ko farfaɗiya ce. A ƙasa kuma an rubuta, ba ta dawo ba."

Likita ɗaya ke nan da ya tsaya ya karanta fayil ɗin daga farko, kuma ƙoƙarin nasa shi ya yanka ta. Akawu ya zo kotu da ƙarya tsirara, ba shi da ko ƙyallen da zai rufa mata, sai ga shi matar da kanta ta hau bas ta kawo masa riga har da hatimi. Kaza garin tone-tone ta tono wuƙar yanka kanta. Akawu ya miƙe a hankali, kai a sunkuye.

"Allah ya gafarta Malam, ni ban so a kai ga nan ba. Uwar 'yata ce. Shekara goma sha ɗaya ina rufa mata asiri, ko 'yan'uwanta ban gaya wa ba. In abin ya motsa sai ta zube duk inda take, gaban wuta ne, kan bene ne. In ta farfaɗo ba ta tuna komai, sai ta ce ni ne. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba, lalura ce, ba ita ta ɗora wa kanta ba. Amma yarinya fa? Yanzu da dutsen guga take wuni. In ta faɗi da shi a hannu, yarinyar tana kusa?"

Ya share ido da bayan hannu, kuma da gaske akwai hawayen. Ko a gida haka yake. In ya gama sai ya zauna a bakin gado ya yi kuka, ya ce ta ga abin da ta sa shi ya yi.

"Ƙarya yake yi!" Yaya ta zabura. "Wallahi ƙarya yake yi, munafuki!"

Alƙali ya buga tebur. Ya cire tabarau ya dubi Maman Tilo.

"Abin da aka karanta, ke kika gaya wa likitoci?"

"Ni na gaya musu."

"An tilasta ki?"

Ta tuna takalman bayan labule. Amma bai taɓa ce mata ki ce kaza ba, ko sau ɗaya. Ba ya ma bukatar ya ce. Kuma ita a gaban alƙali ba za ta ƙara wata ƙaryar ba.

"Bai ce in faɗa ba. Ni na ga ya kamata in rufa masa asiri."

"To, baiwar Allah, ki taimake ni. Ko dai kin yi ƙarya sau tara a can, ko kina yi sau ɗaya a nan. Wanne zan ɗauka?"

"Na can ne ƙarya, Allah ya gafarta Malam. Amma na yi musu azumi. Kowacce azumi uku."

Wani a bencin baya ya tuntsire da dariya, wasu suka taya shi. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Abin da yake tsakaninta da Ubangijinta ne, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ga shi ya zama abin dariyar masu jiran shari'ar fili.

Alƙali ya nemi shaida. Yaya ta ce ta ga jini, ta ga kumburi, ita ta yi jinyar ɓarin.

"Kin ga sanda ya ɗaga hannu ya buge ta?"

"Ai ba a gabana yake yi ba."

"To ba ki gani ba ke nan. Maƙwabta fa?"

Maƙwabta sun ji, yadda ake jin ruwan sama a kan kwano. Amma da Yaya ta bi su gida-gida makon jiya, kowa ya ce shi ba ya shiga tsakanin miji da mata, tela na ƙasan bene ma ya ce ƙarar keke ba ta barinsa jin komai.

"Yarinyar fa, ta taɓa gani?"

"A'a," in ji Maman Tilo. "Da na ga ransa ya fara ɓaci nake tura ta ƙuryar ɗaki, in kunna mata rediyo, in ja ƙofa."

Ta yi aikin rufin asirin nan da kyau, irin yadda take komai. Ba ta bar ko kafar allura ba.

"Wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida," in ji alƙali, "wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Za ka rantse ba ka taɓa dukanta ba?"

"In kotu ta ce in yi, zan yi."

Ya fita ya yi alwala, ya dawo ruwa na ɗiga daga gemunsa. Magatakarda ya ɗauko Alƙur'ani a naɗe cikin ƙyalle. Da Maman Tilo ta ga ya miƙa hannu, ba ta san sanda ta yi ihu ba.

"Kada ka taɓa! Baban Tilo, don girman Allah kada ka taɓa!"

Ba shari'ar take tunani ba a lokacin. Ita ta yarda har cikin ƙashinta cewa wanda ya ɗora hannu a kan Littafin nan ya yi ƙarya ba zai wanye lafiya ba, kuma duk muguntarsa uban 'yarta ne. Ba ta so gobe a nuna Tilo a ce ga 'yar wanda Alƙur'ani ya ci.

"Kun ji ko?" in ji Gwaggo, tana duban jama'a. "Mai gaskiya yana tsoron a rantse masa?"

Akawu ya rantse. Muryarsa tar, irin wadda yake kiran lambobin motoci da ita a ofis. Maman Tilo ta runtse ido tana jira. Fanka ta ci gaba da juyawa. Wayar wani ta yi ƙara a aljihu, ya kashe da sauri. Da ta buɗe ido ya riga ya mayar da Littafin, yana tambaya cikin ladabi ko zai iya zama.

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce bai yanke cewa uwa ba ta cancanta ba, amma takardar da ita kanta ta kawo ta sa shakku, kuma ba a wasa da ran yaro. A kai ta asibiti a auna ƙwaƙwalwarta. Kafin sakamako ya fito, yarinya za ta zauna a gidan mahaifinta ƙarƙashin kulawar Gwaggo. A dawo bayan wata uku. A miƙa ta yau, da an idar da sallar azahar.

Wata uku. A gidan nan ta san abin da dare ɗaya ma yake iya haifarwa.

Akwai famfo a bayan kotun, da wata tabarma da mata ke salla a kai. Maman Tilo ta nufi can, Yaya tana biye da ita tana faɗa tana kuka a haɗe.

"Ke wace irin mutum ce? Sau tara! Ni yayarki ma sai da na ga raunin da idona kika yarda. Kuma har kina hana shi rantsuwa? Da kin bar shi ta cinye shi kowa ya huta! Yanzu ina sakayyar? Ga shi can yana shan ruwan sanyi!"

Maman Tilo ta tsuguna gaban famfon. Ta yi alwala, hannun hagun yana mata zugi da ruwa ya taɓa shi. Ta ta da salla. Raka'ar farko ba ta san me ta karanta ba, don zuciyarta cike take da fushi, kuma ta san da Wanda take fushin, abin ya ba ta tsoro. A sujadar ƙarshe ta daɗe har Yaya ta fara leƙa ta.

"Ya Allah, Kai ba a karanta Maka takarda, Kana nan aka yi komai," ta ce cikin tabarma. "Na ɗauka abin da Kake so nake yi. In kuskure na fahimta, na tuba, kuma ba zan ƙara ba. Ga 'yata nan. Ni ba za a bar ni in shiga gidan ba, amma Kai ba a rufe Maka ƙofa."

Ta sallame, ta naɗe tabarmar mutane ta jingine inda ta same ta.

A baranda Akawu yana tsaye da makullin mota a hannu. Gwaggo ta riga ta karɓi jakar makarantar Tilo ta rataya. Masinjan kotu yana gefe don ya shaida an miƙa.

"To, yi mata sallama mu tafi, rana tana yi," in ji Gwaggo. "Ki ja mata kunne ta yi biyayya, ban da rashin kunya, ban da kai ƙara."

Maman Tilo ta durƙusa a gaban 'yarta, ta kama kafaɗunta. Muryar da ta fito daga bakinta ko Yaya ba ta taɓa jin ta ba, har masu jiran shari'a suka juyo.

"Tilo, saurare ni. Babanki duka yake yi. Shi ya karya min hannun nan, ba faɗuwa na yi ba, ban taɓa faɗuwa ba. In ya taɓa ki, ko da yatsa ne, ki yi ihu har na kan titi su ji. Ki gaya wa malamarku. In an kai ki asibiti ki ce babana ne, ki kira sunansa, ki ce a rubuta. Ba zunubi ba ne. Kin ji ni?"

"Kun gani ko?" in ji Akawu a hankali, yana girgiza kai ga masinja. "Haka yake fara mata."

Tilo ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mamaki ba. Ta saci kallon hannuwan ubanta, sannan ta matso ta sa bakinta a kunnen uwarta.

"Umma, yi a hankali. Baba zai ji, ya sake yi miki irin na ranar risho."

Maman Tilo ta dubi 'yarta. Ranar risho yarinyar nan shekararta biyar, tana ƙuryar ɗaki, rediyo a kunne, ƙofa a rufe. Gwaggo ta miƙo hannu ta kama wuyan hannun Tilo ta fara ja.

"Bar shi ya ji," in ji Maman Tilo.

Ta miƙe ta bi su zuwa mota, tana sake faɗa mata tun daga farko.